Jini ya tsaya, sai ta ajiye maganin

Wannan labarin wata baiwar Allah ce mai fama da gyambon babban hanji. Ta yarda a ba da shi, da sharaɗin ba za a faɗi sunanta ba. Mu da ke aikin jinyar masu irin wannan ciwo mun ga ya kamata a rubuta, domin kusan duk inda marasa lafiya ke tuntuɓe da magani, ita ma ta yi tuntuɓe a wurin, kuma mace ce da ba ta ɓoye abin da ta yi.

Abin ya fara mata tana da shekara ashirin da 'yan kai. Gudawa mai jini da majina, murɗar ciki kafin ta zaga, da wata irin matsuwa da ba ta jiran kowa: in ta ji, to sai ta ruga. Da asuba ta fi shan wuya. An daɗe ana yi mata maganin atini, daga baya aka ce basir ne. Sai da jininta ya yi ƙasa, ta fara haki in ta hau bene, sannan aka tura ta wurin likitan hanji. Ya leƙa da na'ura mai kyamara, ya tarar bangon hanjin ya yi jawur, da an taɓa sai jini, tun daga dubura har lanƙwasar babban hanji ta gefen hagu. Ya gutsuro ɗan nama aka duba a ɗakin gwaji, sakamako ya tabbatar da abin da ya gani.

Ba olsar nan ta tumbi ba ce da kowa ya sani. Cututtukan kumburin hanji masu daɗewa manya biyu ne. Akwai wannan, wanda ke tsayawa a babban hanji, yana farawa daga dubura ya hau sama ba tsallake. Akwai kuma cutar Crohn, mai sunan likitan nan Burrill Crohn wanda shi da abokan aikinsa biyu suka bayyana ta a birnin New York a 1932. Ita tana iya kama ko'ina daga baki har dubura, kuma tana cin bangon hanji har can ciki. A duka biyun garkuwar jikin mutum ce ke far wa hanjinsa. Ba a ɗauka daga wani, kuma har yau babu ƙwayar da ke raba mutum da ciwon baki ɗaya. Aikin magani kashi biyu ne: kwantar da ciwon idan ya tashi, da riƙe shi kada ya sake tashi. Kashi na farko kowa na sha da zuciya ɗaya, saboda wuya. A na biyun ake samun matsala.

Likita ya rubuta mata mesalazin, wanda ake sayarwa da sunaye irin su Asacol, Pentasa da Salofalk. Giram 2.4 a rana, wato ƙwaya uku masu miligiram 800, safe, rana, dare. Ya haɗa mata da na ruwa, wanda ake ɗurawa ta dubura lokacin kwanciya. Ƙwayar ta sha. Na ɗurawar kuwa, ta buɗe kwalin ta ga bakin robar, ta mayar ta rufe, ta tura ƙarƙashin kaya. Kunya ta hana ta yi, kunya kuma ta hana ta faɗa.

Nan ta yi asara ta farko ba ta sani ba. Mesalazin ba ta jini yake aikinsa ba, sai ya taɓa bangon hanjin da ya kumbura. An yi wa ƙwayar wani rufi na musamman don kada ta narke a tumbi sai ta gangara can ƙasa, shi ya sa ba a fasa ta, ba a tauna ta, ba a daka ta a dama da ruwa. Duk da haka dubura ce zangon ƙarshe, abin da ke isa can daga na baki ba shi da yawa, alhali can ne ciwon ya fi zafi, can ne kuma matsuwar ke fitowa. Na ɗurawa yana kaiwa daga dubura har wajen lanƙwasar hagu, daidai inda nata ya tsaya. Wanda ciwonsa bai wuce dubura ba, na cusawa giram 1 da dare yakan wadatar, ya ma fi ƙwaya aiki. Haɗa na sama da na ƙasa kuwa ya fi kowanne shi kaɗai saurin tsayar da jini.

Da ta tambaya, da an nuna mata a minti biyar. Mutum ya fara zagawa. Ya riƙe robar a hannu ta ɗan yi ɗumi, domin ruwa mai sanyi na tayar da matsuwa, sannan ya girgiza ta. Ya shimfiɗa tsohon tawul, don maganin na bata zane. Ya kwanta ta gefen hagu, ƙafar hagu a miƙe, gwiwar dama a lanƙwashe zuwa ƙirji, saboda ta hagu babban hanji ke gangarowa. Ya shafa man santsi a bakin robar, ya tura a hankali, ya matse sannu-sannu ba gaggawa, ya zare tana matse. Ya ci gaba da kwanciya kamar minti 30, in da hali ya yi barci da shi har safe. A dararen farko da yawa ba sa iya riƙewa ko na minti goma, sai su ce ai ba ya zama. Yana zama. Yayin da kumburin ke sauka, riƙon ke ƙaruwa. Wanda ya kasa, akwai na kumfa da ya fi sauƙin riƙewa, ko a fara da na cusawa na 'yan kwanaki kafin a koma na ruwa.

Da ƙwayar kaɗai, a hankali jinin ya tsaya. Ta koma harkokinta, nauyinta ya dawo, mutane suka fara yi mata barka. Ta rana ce ta fara kuɓuce mata, domin lokacin tana waje, kuma ba ta son a ga tana haɗiyar ƙwaya a tambaye ta. Sai ta dare ta bi. Wata rana ta ga wani abu kamar ƙwayar a bayan gidanta, ta ce to maganin ma fita yake yi yadda ya shiga. Galibi ɓawon ne kawai, maganin ya riga ya fita daga ciki, sai dai in abin ya yawaita a gaya wa likita ya sauya iri. Ita ba ta gaya wa kowa ba. Da kwalin ya ƙare, ba ta sake karɓa ba. Aka yi wata, aka yi biyu, shiru. Ta ce alhamdu lillahi, ta warke.

Wannan shirun shi ke ruɗin mutane. Mai ciwon kai in ya bar magani, a ranar zai gane kurensa. Mai wannan ciwo kuwa yana iya yin watanni lafiya lau, sai ya ɗauka hujja ce cewa dama ba ya bukata. Alamomi na riga hanji lafawa, garwashi ne toka ta rufe. Akwai gwajin bayan gida da ake kira kalfurotektin, mai auna wani sinadari da fararen ƙwayoyin jini ke zubarwa a hanji mai kumburi, kuma sau da yawa yana hawa tun mutum bai ji komai ba. Wani bincike da likita Sunanda Kane da abokan aikinta suka fitar a Amurka a 2003 ya bi masu wannan ciwo da ya lafa musu, ya gano cewa waɗanda ba sa shan mesalazin yadda aka rubuta sun fi masu sha haɗarin tashin ciwon fiye da ninki biyar. A ganinmu, rabin laifin a nan na tsarin sha sau uku ne. An tabbatar cewa haɗa adadin rana gaba ɗaya a sha sau ɗaya yana aiki daidai da rarrabawa. Da tun farko aka ce mata ta haɗiye ukun da safe, da wataƙila ba a kai nan ba.

Ciwon baya ne ya tono abin. Ta sha dikulofenak na wasu kwanaki, sai ga jini. Wannan dangin magungunan kashe zafi, su ibufurofen da dikulofenak da nafurozen, suna iya tayar da ciwon ga wasu. Farasitamol ne abin sha ga mai kumburin hanji, sai in likitansa ya ce wani abu daban.

A wannan karon aka ba ta firednisolon: miligiram 40 kowace safiya bayan karin kumallo, ƙwaya takwas masu miligiram 5, ana rage ƙwaya ɗaya duk mako har ya ƙare a mako takwas, tare da sinadarin kalsiyam da bitamin D don kare ƙashi. Cikin 'yan kwanaki jini ya ɗauke, ƙarfi ya zo, abinci ya yi daɗi. Ta ce mana a lokacin ji ta yi kamar duk sauran magungunan ɓata lokaci ne, ga na gaskiya nan. Daga nan ta ɗauki wata ɗabi'a da muke gani kullum: ta bar mesalazin, in ciwo ya motsa ta nemi firednisolon da kanta ta sha na mako uku ko huɗu, da ta ji sauƙi ta yanke.

Illar wannan ta fuska biyu ce. Ta farko, firednisolon ba ya riƙe ciwon. Yana danne shi ne, da an sauka sai ya biyo, kuma kowane zagaye na barin sawunsa: fuska ta kumbura, ƙuraje, rashin barci, saurin fushi, hawan suga da hawan jini, ƙashi ya yi ta zaizayewa ba a gani, ido ya yi yana. Ta biyu ita ce yankewa lokaci ɗaya. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar gaɓa da ke samar da sinadarin kotisol, wanda ke riƙe bugun jini da suga, musamman lokacin da jiki ke cikin wahala. In mutum ya sha firednisolon fiye da mako uku, gaɓoɓin nan sukan yi sanyi da aikinsu, tunda ana kawo musu daga waje. Ragewa a hankali ce ke ba su damar farfaɗowa. Ita ta yanke rana ɗaya, sai ga jiri in ta miƙe, amai, kasala har ta kasa ɗaga hannu ta ɗaura ɗankwali. Ta ci sa'a abin bai wuce haka ba, domin yana kai mutum ga suma, yana kuma kisa.

Ƙa'idar likitoci ita ce, wanda ya bukaci firednisolon sau biyu cikin shekara guda, ko ciwonsa ke dawowa da an fara ragewa, to yana bukatar maganin riƙo mai ƙarfi. Aka sa ta a kan azatayofirin, wanda aka fi sani da Imuran. Ana auna shi da nauyi ne, miligiram 2 zuwa 2.5 ga kowane kilo. Nauyinta kilo 60, aka kai ta miligiram 150, ƙwaya uku masu 50 a rana. Kafin farawa an gwada wani sinadarin jiki mai suna TPMT, wanda ke sarrafa maganin, domin kusan mutum 1 cikin 300 ba shi da shi, kuma irin wannan in ya sha adadin da aka saba ɓargonsa na iya daina samar da jini. An kuma duba ciwon hanta nau'in B da C da ƙanjamau, aka tambaye ta ko ta taɓa yin ƙarambau. Bayan farawa ana ɗibar jini akai-akai a watanni ukun farko, misali mako na 2, na 4, na 8 da na 12, daga nan duk wata uku muddin ana sha.

Azatayofirin magani ne mai gwada haƙuri. Illarsa na zuwa a makon farko, amfaninsa sai bayan mako 8 zuwa 12, wani lokaci ma fiye. Ita tashin zuciya ya dame ta. Ta zauna ta karanta takardar cikin kwali, ta ga an ambaci sankara, jikinta ya yi sanyi. Gaskiya ne maganin na ƙara haɗarin wata sankarar ƙwayoyin garkuwa da ta fata, amma ga mai ƙananan shekaru haɗarin ƙanƙani ne ƙwarai, kuma kumburin da aka bari shekara da shekaru a babban hanji shi ma hanyar sankara ce. Tashin zuciyar kuwa akwai dabara: a sha bayan abinci, ko lokacin kwanciya, ko a raba biyu, in ya ƙi a koma ɗan'uwansa makaftofurin, wanda wasu suka fi jurewa. Abin da ba a wasa da shi shi ne ciwo mai tsanani a saman ciki da ke ratsawa baya tare da amai a makonnin farko, ko zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, ko idanu su yi rawaya. Waɗannan a dakata da maganin, a tafi asibiti a ranar.

Ba ta faɗi ko ɗaya ba. Sai ta koma sha yau, ta bar gobe da jibi. In ta zo asibiti likita ya ce, "Malama, kina shan maganin?" ta ce, "Ina sha, Likita." Tambayar ce ma ba ta da kyau, mu faɗi gaskiya, don ba ta bar wa mutum ƙofa ba. Da ciwon ya ƙi lafawa aka auna ragowar maganin a cikin jajayen ƙwayoyin jininta, sakamako ya fito kusan babu komai. Wata ma'aikaciyar jinya ta ja ta gefe, ta ce, "'Yar'uwa, kusan kowa na tsallakewa. A kwana bakwai da suka wuce, sau nawa ya kuɓuce miki?" Ta yi shiru, can ta ce sau biyu ta sha.

Haɗarin ɓoyewa ya fi na tsallakewar kansa. Likitan da aka gaya wa ana sha, ya ga ba sauƙi, zai ɗauka maganin ne ya gaza. Sai ya ƙara adadi, ko ya jingine maganin da zai iya yin shekaru yana aiki ya koma wani mai ƙarfi, alhali magungunan wannan ciwo ƙidayayyu ne. In kuma ya ƙara, mara lafiya ya tsorata ya fara shan sabon adadin cif-cif, jikin da bai saba ba sai ya sha kashi. Bari mu ɗan ratse a nan: duk mai shan azatayofirin ya gaya wa kowane likita da mai ba da magani, domin alofurinol, maganin ciwon gaɓoɓi da ake sayarwa da sunan Zyloric, yana toshe hanyar fitar sa daga jiki. In dole a haɗa su, sai an rage azatayofirin zuwa kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin uku. Masu cutar Crohn da ke kan metotirezet kuma, nasu kuskuren daban ne: sau ɗaya ake yin sa a mako, rana guda tsayayya, da sinadarin folik asid a wata ranar daban. Shan sa kullum ya hallaka mutane. Ba a haɗa shi da Septrin, ba a kuma ɗaukar ciki a kansa.

Bayan waccan magana ta daidaita. Aka mayar mata da maganin lokacin kwanciya, tashin zuciya ya tafi, aka samu tsawon lokaci lafiya. Ta yi aure a ciki. Da ta samu juna biyu sai maganar ta dawo ta wata ƙofar. Mahaifiyarta, don ƙauna, ta ce, "'Yar nan, mai ciki ba ta haɗiyar ƙwaya kullum." Ta ce, "To, Inna." Maigidanta ma ya ga hakan ya fi. Ta ajiye komai a mako guda, ba ta kira asibiti ba.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi tsada, kuma shi ne wanda aka fi yi da kyakkyawar niyya. Abin da ya fi yi wa ciki barazana shi ne ciwon da ya tashi: ɓari, haihuwa kafin lokaci, jariri maras nauyi. Mesalazin, azatayofirin, da alluran infilizimab da adalimumab, duk ana ci gaba da su a lokacin ciki da shayarwa. Waɗanda ake gujewa su ne metotirezet da sababbin ƙwayoyi irin su tofasitinib, su ma likita ne zai tsara sauyin tun kafin a ɗauki cikin. Shi ya sa muke roƙon mata su zo a yi maganar tun suna shiri, su zo da maigida, in da hali har da uwar.

Cikin na wata biyar ciwon ya tashi, tashin da bai taɓa yi ba. Tana zagawa fiye da sau goma a rana, duk jini, ga zazzaɓi, zuciya na dukan uku-uku. Ma'aunin da likitoci ke bi tun 1955, wanda Truelove da Witts suka tsara a Ingila, ya ce bayan gida mai jini sau 6 ko fiye a rana, tare da ɗaya daga cikin waɗannan, bugun zuciya sama da 90, zafin jiki sama da 37.8, ma'aunin yawan jini (himoglobin) ƙasa da 10.5, ko gwajin kumburi ya hau, to ciwo ne mai tsanani, kwanciya asibiti ta wajaba. A irin wannan hali ba a shan maganin tsayar da gudawa kamar Imodium, domin hanjin na iya daina motsi ya buɗe ya cika da iska har ya fashe. An kwantar da ita, aka gwada bayan gida don tabbatar ba wata ƙwayar cuta ce ta shiga ba, aka fara haidurokotison miligiram 100 ta jijiya sau huɗu a rana, da allurar hana daskarewar jini, wadda ke ba mutane mamaki ga mai zubar da jini, amma ciwon da ya tashi na jawo gudan jini a ƙafa da huhu. Rana ta uku ake yanke shawara. Nata bai sauka ba. Likitan tiyata ya zo ya zauna bakin gadonta ya yi mata bayanin cire babban hanji, in mataki na gaba bai yi ba.

Matakin shi ne infilizimab, wanda aka fara sani da Remicade, aka kuma amince da shi a Amurka a 1998. Yana kama wani sinadarin kumburi mai suna TNF. Kafin a sa shi sai an bincika tarin fuka, domin wannan sinadarin ne ke taimakawa wajen tsare ƙwayar tarin da ke kwance a jikin mutum, in aka danne shi tana iya farkawa. Adadinsa miligiram 5 ga kowane kilo, ta ƙarin ruwa na kusan awa biyu, a mako na 0, na 2 da na 6, daga nan duk mako 8. Allah ya taimake ta ya karɓe ta. Ta haihu kafin lokaci da 'yan makonni, yarinya ƙarama amma lafiyayya. An rubuta a katin jaririyar kada a yi mata rigakafi mai rai irin BCG sai bayan wata 6 zuwa 12, gwargwadon ƙa'idar da likitoci ke bi a wurin, saboda maganin na ratsa mahaifa ya daɗe a jinin jariri. Sauran rigakafin marasa rai an yi mata a kan lokaci. Bayan haihuwa aka mayar da uwar kan azatayofirin tare da ƙarin ruwan.

Dalilin haɗa su ya shafi maganar da muke yi kai tsaye. Infilizimab baƙon furotin ne a jiki. Muddin akwai isasshensa a jini, garkuwa kan ƙyale shi. In aka jinkirta zuwa, adadinsa ya faɗi ƙasa, sai garkuwa ta samu sarari ta ƙera makaman yaƙarsa. Ranar da aka dawo, ko dai maganin ya daina aiki, ko mutum ya fara ƙaiƙayi da sarƙewar numfashi ana cikin ƙarin ruwan. In haka ta tabbata, sau da yawa an rasa wannan maganin ke nan. Azatayofirin na rage wannan haɗari, amma ba ya maye gurbin zuwa a kan lokaci. Wanda tafiya ta kama shi, ya fi kyau ya nemi a yi masa 'yan kwanaki kafin ranar da a jinkirta da makonni. Wanda zazzaɓi ko wata cuta ta kama, ya kira a ɗage masa bisa shawara.

Haka abin yake ga masu yi wa kansu allurar adalimumab a gida, wadda ake sayarwa da Humira da wasu sunaye: miligiram 160 a farko, 80 bayan mako biyu, sai 40 duk mako biyu. A firiji ake ajiye ta, tsakanin digiri 2 da 8, a tsakiya, nesa da bangon baya inda abu ke daskarewa. Wadda ta daskare ta lalace ko da ta narke. In an fito da ita don tafiya, Humira na jure har kwana 14 a zafin da bai wuce digiri 25 ba, sauran iri a duba takardarsu. A fito da ita minti 15 zuwa 30 kafin yi don rage zafi, a riƙa sauya wuri tsakanin cinya da ciki, nesa da cibiya da kamar yatsu uku. Masu cutar Crohn su ƙara da barin taba, domin tana rage amfanin duk abin da ake ba su, tana kuma dawo da ciwon bayan tiyata.

Yanzu tsarinta ba shi da wani abin burgewa. Duk ƙwayoyinta sau ɗaya ne, da dare bayan ta goge baki, daga akwatin nan mai gida bakwai da take cikawa rana ɗaya a mako. In ta duba ta ga gidan jiya a cike, ta san ta manta, ba sai ta yi ta kokwanto ba. In ta tuna a ranar sai ta sha, in rana ta wuce ta bar shi, ba ta ninkawa. Tana neman sabon kwali tun saura mako biyu na hannunta ya ƙare. Ranar ƙarin ruwa na rubuce a wayarta da ta maigidanta. Tana da takarda guda da likita ya sa wa hannu: in ta ga jini kwana biyu a jere, ta fara na ɗurawa da dare ta kira asibiti a kai bayan gida gwaji, in ya kai sau 6 ko zazzaɓi ya shigo, ta taho kai tsaye, firednisolon kuwa ba ta taɓa shi sai an rubuta. Na ɗurawar da ta taɓa turawa ƙarƙashin kaya, yanzu ita ke koya wa sababbin zuwa yadda ake kwanciya.

Har yanzu takan gaji. Akwai lokacin da ta zo ta ce ƙwayoyin sun ishe ta, tana so a rage. Likita bai yi mata faɗa ba. Ya ce a fara gwada kalfurotektin, a auna adadin infilizimab a jininta, a kuma leƙa hanjin, tunda dama ta cika shekara 8 da fara ciwon, lokacin da ake soma leƙen sa ido don kama sauyin da ka iya zama sankara tun yana ƙarami. Bangon ya fito sumul, jijiyoyinsa na bayyane, naman da aka gutsuro ma ba kumburi. A kan wannan sakamakon aka cire mata mesalazin na baki, aka ce za a sake duba maganar azatayofirin bayan shekara guda idan adadin infilizimab a jininta ya ci gaba da zama daidai. Gwajin jini duk wata uku yana nan, ƙarin ruwa duk mako takwas yana nan.